Jiragen da Ba Su Iso Gaɓa Ba

Zuwa ga ƙanena, Kofur Ishaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da soja, ina sanar da kai cewa muna nan a Zuru yadda ka bar mu, sai dai an tsufa. Ban san inda zan aika da wannan takarda ba, tunda ba a taɓa nuna mana kabarinka ba, shi ya sa na ajiye ta a shafina na jarida. Masu karantawa su yi haƙuri, maganar gida ce.

Ka tuna sunan da ka laƙaba mini? Malam Amurka. Kai ka fara, ɗalibaina suka ɗauka, har yau akwai masu furfura a kasuwa da ba su san sunana na baftisma ba. Na kuwa ci sunan. Ko noma muke yi a gonarmu ta Manga, rediyona yana rataye a reshen ɗorawa, kuma na fi sanin shugabannin Amurka a kan masu unguwannin garinmu.

A cikin shugabannin nan, mai noman gyaɗa shi ne nawa. Da ya zo Legas, sati guda na yi ina yawo kamar ni na gayyato shi, ina gaya wa kowa cewa manomi irinmu ne ke riƙe da duniya. Kai kuma ka ce in da gaske manomi ne, ya zo ya taya mu huɗa. Da ɗan wasan fim ya karɓe shi, nan ma ban rasa abin yabo ba. Ko da na ji yana tura kuɗi da makamai ga sajan ɗin da ya ƙwace mulkin Laberiya, cewa na yi manya sun san abin da suke yi. Ban taɓa ganin laifinsu ba, Ishaya, ko sau ɗaya.

Daminar da yaƙi ya ci Laberiya kana gida, kurkunu ya kwantar da kai. Kullum da safe Mama takan zaunar da kai a ƙofar ɗaki, ta riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, kana cizon hularka, ni ina yi maka dariya wai ga soja tsutsa ta kama shi fursuna. Daga baya ya fita, amma gyambon bai rufe ba.

Sai saƙo ya zo daga bariki cewa bataliyarku za ta tafi Laberiya. Ma'aikacin asibitin da ke wanke maka ƙafa ya ce zai iya ƙara maka hutun wata guda a takarda, kuma ba ƙarya zai yi ba, don har lokacin ɗingishi kake yi. Mama ta so haka. Kai kana jin kunyar abokanka, kana kuma jin tausayinta, sai ka ce duk abin da Yaya ya faɗa shi za a yi. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai mai jin duniya, mi rediyonka ya ce?"

Na gyara zama kamar ina gaban aji. Na ce Laberiya ɗiyar Amurka ce, bayin da aka 'yanta a can ne suka kafa ta, ko babban birninta sunan wani tsohon shugabansu aka sa masa. Na ce jiragen ruwan Amurka na yaƙi suna nan tsaye a teku, ana hango su daga gaɓa. Sabon shugaban, wanda ya yi wa ɗan fim mataimaki, shi ma tsohon soja ne, ba zai zuba ido ana yanka 'ya'yansu ba. Ku gadi kawai za ku yi kafin su sauko. Na ce kafin a yanke dawa ka dawo.

Mama ba ta taɓa ganin teku ba, ba ta da abin da za ta musa mini da shi. Ta tashi ta daka maka yaji, ta sake ɗaure maka ƙafa da tsumma mai tsabta. Washegari muka raka ka tasha, ka shiga mota kana ɗingishi.

Jiragen sun aiko da masu saukar ungulu, sun kwashe mutanensu da wasu baƙi, sun koma sun tsaya. Hankalin shugaban yana can hamada, inda wata ƙasa ta haɗiye maƙwabciyarta mai arzikin mai. Can ya tara sojojin duniya. Laberiya kuwa aka bar wa 'yan Afirka su ji da abinsu, wato ku. Ina jin wannan duka a rediyo, amma kullum Mama ta tambaye ni sai in ce sun kusa.

Aka yanke dawa. Aka sake yanke wata. Sannan akwatinka na ƙarfe ya zo, da takarda mai cewa ba a sake ganinka ba tun wani artabu a bayan gari. A ciki akwai takalmanka na coci, da reza, da tsumman nan na Mama, wankakke, a ninke.

Mama ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Daina tambayata komai kawai ta yi. Sama da shekara talatin, in tana son sanin ko za a yi ruwa ko wane ne ya ci zaɓe, maƙwabta take tambaya ina zaune. In na sa baki sai ta ce, "To, Malam." Sunana ma ta ajiye shi.

Shugaban Amurkan da ya biyo baya, saurayin nan mai busa ƙaho, ban yabe shi ba. Na ga yadda ya janye daga Somaliya da aka kashe masa sojoji, na ga yadda ya yi shiru ana sarar mutane a Ruwanda. A nan na gane cewa kowannensu gonarsa yake nomewa, mu kuma ba ma cikinta. Na so in yi fushi da su, fushin ya ƙi zama. Babu ɗayansu da ya zo tsakar gidanmu ya yi wa Mama alkawari. Ni na yi.

Shi kuma mai gyaɗa, bayan ya sauka ya shiga yaƙi da kurkunu, yanzu yaran garin nan ko sunan ciwon ba su sani ba. Ya kamata in gode, kuma na gode. Amma duk na wuce rijiyar burtsatse sai in ce a raina, ina ma tsutsar nan ta ƙara riƙe ka wata biyu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mama ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, hankalinta kuma ya koma daminar nan ya zauna. Ranar Lahadi bayan sujada ina ɓare gyaɗa kusa da tabarmarta, sai ta laluba ta kama hannuna. Ta ce, "Haruna." Ishaya, da sunana ta kira ni. Ta ce, "Jiragen nan sun iso gaɓa?"

Na daɗe ina jiran ranar da za ta sake tambayata wani abu, na sha alwashin in ta zo gaskiya zan faɗa. Na buɗe baki, na dubi fuskarta, na ce sun kusa, Mama. Ta yi murmushi, ta ce in gaya wa masu yankan dawa su bar maka gefenka, kai ka fi son ka yanke da hannunka.

Kullum yanzu sai ta tambaya, kullum ina ba ta amsar. Ta sake yarda da ni, kuma ba ni da abin ba ta sai ƙaryar da ta ci ka. Ba na ganin mafita, ba na kuma tsammanin akwai.

Ubangiji ya ba ka hutawa a duk ƙasar da ta rufe ka. Ya gafarta mini bakina. Roƙona ɗaya ne ya rage, kuma ina jin kunyarsa: kada hankalin Mama ya dawo kafin ta zo wurinka. In ta iso, ka tarbe ta, ka zaunar da ita, kai ka gaya mata. Ni na kasa.

Yayanka da ya ce ka tafi,
Haruna