Dokar "Sai An Tambaya" Tana Shirin Hana Ni Zuwa Paris

Zuwa ga Malam Lawali, mai horar da yara a ƙungiyarmu ta besbol, wasan jifa da dukan ƙwallo da sanda, da ke Villeurbanne,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ya iyali, ya kuma fama da mu. Ni ce Zainabu, ɗiyar Malam Habu mai aiki a masana'anta a Saint-Fons, wadda ke tsayawa can ƙarshen layi. Na sa wasiƙar nan a zauren iyaye na waya ne domin in na tsaya gabanka muryata ba ta fita.

Na ɗaya. A farkon shekara ka karanta mana dokokinka. Ban da ja a kan biyu: mai jifa ba ta wuce adadin da ka yanke mata, kuma sai hannunta ya huta kafin ta sake. Ta ukun ce ta cuce ni, wadda ta ce ba ka gyara wa yaro jifa ko dukan ƙwallo sai shi da kansa ya zo ya tambaya. Ka ce yaron da aka cika wa kunne da gyara rikicewa yake yi. Na yarda. Amma Malam, kai ma fa ɗan Damagaram ne, ka san yadda aka rene mu. Yarinya ba ta tsare babba da ido tana jero masa tambayoyi.

Na biyu, kuma nan ne kunyar take, batun Hadiza. Wata biyar ke nan da iyayenta suka taso daga Paris. Ranar da ta zo ko riƙon ƙwallo ba ta iya ba, ni na nuna mata inda ake ɗora yatsu a kan ɗinkin. Amma ita ba ta jin nauyin kowa. Ta yi jifa ɗaya, ta juyo ta tambaye ka, kai kuma ka durƙusa kana gwada mata takun ƙafa. Ni ina gefe da safar hannuna, ina yi kamar igiyar takalmi nake ɗaurewa. Ba zan yi ƙarya ba, kishi nake, irin mai hana cin abinci. A jirgin tiram in mun taso daga fili har kujera nake sakewa don kar in ji tana ba da labarin abin da ka koya mata. Ba ta yi mini komai ba, wallahi, har dabino take ba ni. Wannan ma haushi yake ƙara mini.

Na uku. Shekara biyu ina jifa ba ka taɓa ce mini uffan ba, sai na ɗauka babu abin gyarawa. A littattafan soyayyar da nake karantawa, wadda ta yi shiru a kusurwa ita ake lura da ita a ƙarshe, kuma na zaci haka fili ma yake. Sai ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ka gaya wa Baba cewa gwiwar hannuna tana faɗuwa kafin in saki ƙwallo, kuma tun bara kake gani, kana jira in tambaya. Tun bara, Malam! Ni kuma ina jira ka kira ni.

Yanzu an ce ranar Asabar za ka fitar da sunan mai jifa guda ɗaya da za ta je horon zaɓe a Paris, kuma kowa ya san sunan wa ke bakinka. Na daɗe ina ganin kaina a jirgin ƙasan nan, jakata a cinya, fuskata a jikin taga.

Ga roƙona. Kar a soke dokar, amma a buɗe mata wata ƙofa saboda irinmu, ko da akwati ne da za mu riƙa jefa tambaya a rubuce. Ba ni kaɗai ba ce, akwai masu dukan ƙwallo su biyu da ke riƙe sanda a karkace, su ma shiru suke yi. Sannan a bar ni da Hadiza mu yi jifa a gabanka kafin ka rubuta suna. In ta fi ni, zan raka ta tasha, ko da zan yi kuka a hanyar dawowa.

Kuma tunda sai an tambaya, to ga ni a gaban iyaye duka ina tambaya: Malam, yaya zan gyara gwiwar hannuna? Ina da lokaci ranar Laraba bayan lakwal, in an tashi daga karatu.

Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙuri, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka yi adalci tsakaninmu.

Wassalam, daga ɗiyarka ta ƙarshen layi,
Zainabu