Sanitaizar da Ta Kama da Wuta a Hannuna

Zuwa ga Alhaji mai kamfanin da ke haɗa mana sanitaiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri na kira ka Alhaji alhali ban san ko ka sauke farali ba. Jarkar da ake kawo mana ba suna a jikinta, ba adireshi, shi ya sa na biyo ta jarida ko Allah zai sa saƙon ya same ka.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke wajen Darki, a ƙasar Wudil. Tun lokacin korona ake kawo mana wannan ruwa naka, mu ɗura a robobin lemo mu ajiye a ɗakin haihuwa. Gaskiya ya taimake mu, don famfonmu ya fi hutu fiye da aiki.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A nan, in mace ta sauka lafiya, danginta sukan kawo kaskon turaren wuta don ya kori ƙarnin jini. Wata Juma'a da hantsi na gama karɓar haihuwa, na shafa sanitaiza, na miƙa hannu in janye kaskon daga kusa da jariri. Sai zafi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Na duba hannun, ban ga harshen wuta ba, amma yana ci. Iya Asabe, dattijuwar da ke mana shara da wanke-wanke, ita ta yi sauri ta rufe hannun da zanenta. Tabon yana nan a bayan hannuna na dama.

Dama Iya ba ta taɓa yarda da ruwan nan ba, a cewarta warin giya yake, kuma ita da sallarta ba wasa. Washegari ta cika sauran jarkar da ruwan rijiya. Hujjarta: ruwa ke kashe wuta, ruwa kuma ke gusar da najasa. Kowa ya yaba mata. Ni kaina na rasa abin musu, don ba ni da sani. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka ga tambayoyina.

1. Me aka zuba a ciki? Na je wurin limaminmu kan maganar alwala, ya tambaye ni ko irin barasar da ake sha ce ko wani sinadari ne daban. Na ce masa ban sani ba, ni da ake ce wa ma'aikaciyar lafiya. Na ji kunya ƙwarai.

2. Wace irin wuta ce wannan da ido ba ya gani da rana? Ba da faɗa nake tambaya ba, abin ya ba ni mamaki ne har yau. Kuma sai hannu ya bushe har yaya kafin mutum ya kusanci garwashi? Dukanmu mata ne, daga asibiti sai murhu.

3. Tafin hannuwanmu duk sun tsattsage. Muna shafa man kaɗe. Shin man yana hana sanitaizar aiki, ko kuwa sanitaizar tana shiga jiki ta tsagar?

4. Wannan ita ce ta hana ni sukuni. Tun da Iya ta tsarma ruwan nan, ya daina yaji, ya daina wari, ba wanda ya sake ƙonewa. To yana kashe ƙwayoyin cuta kuwa? Ko dai mun guje wa gara mun faɗa gidan zago? Ƙwayar cuta ba ta ihu in ta mutu, ba ta kuma dariya in ta tsira, ta ina zan gane?

Roƙona ba shi da yawa. Ka sa suna a jikin kayanka. Ka rubuta abin da ke ciki da gargaɗin wuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, har da hoto saboda irin su Iya. Ka kuma faɗa mana ƙarara ko ana ƙara masa ruwa ko ba a ƙarawa.

Ranka ya daɗe, naƙuda ba ta jiran a ɗebo ruwa a kawo sabulu. Akwai ranar da robar nan kaɗai ce tsakanina da cibiyar jariri. Kafin uwarsa ta rungume shi, kafin ubansa ya yi masa huɗuba, hannuna ne abu na farko da zai taɓa shi a duniya, kuma ban san ko mai tsabta ba ne.

Allah ya yi wa kasuwancinka albarka, ya tsare iyalinka, ya sa jikokinka su faɗo a hannun da ya san abin da ya shafa.

Wassalam.

Taka,
Wata ungozoma daga Wudil