Telan da Ke Cikin Littafinki

Ƙanwata Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Ƙofar Kaura lafiya, sai idon Inna da ya ƙara dushewa.

Na karanta littafinki. Alƙalaminki ya nuna, hankalinki ne da saura. Tela mai ɗingishi, mai shan ƙwaya a bayan shago, wa kika ɓoye? Suna kawai kika canja wa marigayi Yaya Kabiru!

Kin manta Inna da kunne take karatu yanzu? Maƙwabciya ta tura mata littafin na sauraro a waya, kullum bayan la'asar tana bi, tana alfahari 'yarta ce ta rubuta. Ita kuwa har yau ta ɗauka zazzaɓi ne ajalin ɗanta. Da ta kusa babin mutuwar, na ce mata wayar ta lalace. Ƙaryar nan ba za ta kai Juma'a ba.

Ki zo ki faɗa mata da bakinki, kafin baƙuwar murya ta riga ki.

Ki gaida yara, ki sa mu a addu'a. Inna ma tana da saƙo: wai telan nan yana mata kama da wani, don Allah kar ki kashe shi.

Yayarki,
Hajara