Rabin Kofin Shayin Baba

Litinin, 7 ga Yuli

An ba Baba ranar Alhamis don awon zuciya. Sai da na yi wa Likita naci kamar mai roƙon ruwa, don jerin masu jira ya kai mako shida. Hoto ya nuna jijiya ɗaya ta zuciyarsa ta tsuke, amma ido ba ya iya cewa ko tsukewar ta isa hana jini wucewa. Sai an auna.

Shekara tara ina nas a ɗakin awon nan, amma yi wa Baba bayani ya gagare ni. Na ce za a zura waya siririya kamar gashi ta hannunsa har zuciya, a auna ƙarfin jini kafin wurin da ya tsuke da kuma bayansa. In lamba ta haura tamanin, sai gida da ƙwayoyi. In tamanin ce ko ƙasa, a saka 'yar ragar ƙarfe ta buɗe hanyar. Ya ce, "Ashe ku ma awo kuke yi kamar mu teloli. To kar ku rage mini tsawon hannu."

Laraba, 9 ga Yuli

Na faɗa masa sau uku: daga yau ba shayi, ba kofi, sai an gama. Akwai maganin da muke sakawa lokacin awon, ya buɗe jijiyoyi gaba ɗaya kamar mutum yana gudu. Shayi yana kashe masa ƙarfi, sai lamba ta fito da kyau alhali ƙarya ce. Ya ce ya ji, likitar gida.

Alhamis, 10 ga Yuli

Da safe na shiga ɗakinsa ɗauko jaka, na tarar da shi zaune a bakin gado da kofin nan nasa mai tsagaggen hannu. Baƙi wuluk, ganye biyu, yadda ya saba. Muka kalli juna. "Rabi ne kawai," in ji shi. Na karɓe na zubar.

A mota ina ta lissafi. In na faɗa, a ɗaga, mako shida. Da wane ido zan kalli Likita bayan nacin da na yi, a ce ni da nake hana iyayen mutane na kasa hana nawa?

Doguwa, abokiyar aikina, ita ce ta cike takardarsa. Ga kowa sai ta tambayi majinyaci da bakinsa. Amma Babana ne, sai ta juyo wurina da biro a hannu: "Bai sha komai ba ko? Ke ai kin san aikin." Na ce bai sha ba. Haka kawai ya fita daga bakina.

Ba a barin ɗan uwa a cikin ɗakin, don haka ta bayan gilashi na tsaya. Na san yadda mutane suke yi idan maganin ya shiga: fuska ta ɗauki zafi, numfashi ya sarƙe, wasu su ce mutuwa ce ta zo. Baba yana kwance lumui yana kallon silin. Likita ya ce, "Tsohon nan jarumi ne."

Tamanin da uku. Aka zare waya, aka ce mu tafi gida. Doguwa ta rungume ni. Na yi murna, wallahi na yi.

Talata, 15 ga Yuli

Tamanin da uku ai tamanin da uku ce. Rabin kofi me zai yi?

Lahadi, 20 ga Yuli

Na raka Baba shago. Matakala goma sha ɗaya ce, ya tsaya a ta bakwai, wai yana duba fentin bango. Hannunsa na dama a ƙirji. Na ce Baba zafi ne? Ya ce, "Na'urarku ta ce lafiyata ƙalau, ke kin fi ta sani?"

Yaya yana ta gaya wa dangi a waya cewa ƙanwarsa ta tsaya tsayin daka, an duba Baba da injin zamani. Ji nake kamar in fizge wayar.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na je har ƙofar ofishin Likita. Na ji yana yi wa wani faɗa a kan takardar da aka cike ba daidai ba. Na wuce kamar bayi zan je.

Gobe.

Litinin, 28 ga Yuli

Ban faɗa ba. Kuma yanzu babu amfani.

Wajen sha ɗaya na safe maƙwabcin shagon Baba ya kira. Ya tarar da shi a ƙasa kusa da keken ɗinki, gumi ya jiƙa riga, almakashi na hannunsa. Kafin a samu mota, kafin a ratsa cunkoso, awa uku ta wuce. A kan gadon nan dai aka kwantar da shi, ni kuma a bayan gilashin nan. Jijiyar nan ce. Ta toshe ɗif. Sun saka ragar, jini ya wuce, amma naman da ya mutu ya mutu.

Talata, 29 ga Yuli

Likita ya ce zuciyar tana aiki kamar da rabin ƙarfinta, kuma ba lallai ta dawo ba. Babu matakala, babu shago. Sai juya takardar ranar goma yake yi yana cewa, "Tamanin da uku fa muka gani." Doguwa ta kasa cin abinci, tana zaton ita ce ba ta daidaita na'urar da kyau ba. Ina zaune kusa da ita ina ba ta haƙuri. Ban taɓa ƙin kaina kamar yau ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Yaya ya zo da zafinsa, wai asibiti ne suka yi sakaci, sai ya kai ƙara. Baba ya ɗaga hannu da ƙyar. Muryarsa ta zama 'yar ƙarama. Ya ce, "Bar mutane. An hana ni shayi, na sha a ɓoye. Ba wanda ya gan ni." Yana faɗa yana kallon taga, bai ko waiwayo inda nake ba.

Na fita baranda.

Litinin, 4 ga Agusta

Na faɗa wa Likita, a gaban Doguwa, don ita ta fi cancanta ta ji. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa cewa shayin ne, jijiya takan toshe ko da lamba mai kyau. Sannan ya ce, "Amma kin hana mu sani." Za a rubuta a fayil ɗina. Doguwa ta tashi ta fita, har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Laraba, 13 ga Agusta

Yau wata tsohuwa ta zo awo. Ɗanta, mai baki kamar rediyo, ya ce ba ta sha komai ba. Na durƙusa daidai kunnenta na ce Mama, tsakaninmu, me kika kurɓa da safe? Ta yi 'yar dariya ta ce kofi, ɗan kaɗan. Na soke aikin. Ɗan ya zage ni tas, wai ba ni da imani, mako shida fa. Na tsaya na ji har ya gama.

Da yamma Baba ya ce in haɗa masa shayi, an yarda masa da ganye ɗaya. Na kai masa a kofinsa. Ya ce ina nawa? Na ce na ƙoshi. Kwana goma sha shida ke nan ban sha ba. Ba wani abu ba ne, daɗinsa ne kawai na daina ji.

Ya kasa riƙe kofin da hannu ɗaya, sai na tallafa masa ta ƙasa. Rabi ya sha.