Waƙar Dakan Inna Ta Biyo Ni Rusaifa

Zuwa ga Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina lafiya, Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan. Ranar Juma'a ma na sa ki a addu'a a Harami. Mu nan unguwar Rusaifa lafiya lau, sai zafi. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ajin da na tsaya, shi ma barci na je yi.

Fim ɗin yaran nan mai waƙoƙi da ɗanki Munzali ya yi wa aiki ya iso mu ta waya. Ina jin waƙar malalacin yaro sai na ajiye kofin shayi. Ashe waƙar dakan Inna ce, Allah Ya jiƙanta, wadda take yi min in na laɓe bayan rumbu gudun aike. Sunan kawai ya sauya, Allah Ya rufa masa asiri yadda ya rufa min.

'Yarki Ikhlas ta wajena kuwa, in na yi mata Hausa da Larabci take amsawa, har na fara cire rai za ku taɓa yin hira. To ita ce ta yi ta maimaita waƙar, tana tambayata me ya sa kalmomin suke tsalle-tsalle. Na ce mata da bugun taɓarya Inna take jera su, in ta wurga ta sama ta tafa, nan take jefa sunan mai laifi. Yarinya ba ta taɓa ganin turmi ba, sai na ɗauko bokiti da sandar goge ƙasa in nuna mata lugude. Na wurga, na tafa, sanda ta tafi da ƙwan fitila. Uwarta Mas'uda har yau ba ta gama yi min faɗa ba. Amma cikin dariya Ikhlas ta ce, da Hausa tsaf: "Baba, ƙarasa waƙar."

Yaya, na kasa. Munzali ya tsaya inda ake yi min tsiya, baitin ƙarshe da Inna take lallashina da shi ya ɓace min, ke kaɗai kika rage da shi. Don Allah ki rera a waya ki turo, ko da muryar ta shaƙe. Na gaya mata ƙarshen yana wurin Gwaggonta, tun jiya take koyon yadda za ta gaishe ki.

Ki gaida Malam Suhaibu, da Munzali da Sadiya. Mas'uda na gaisuwa, duk da fitilar.

Ƙaninki, na bayan rumbu,
Badamasi