Aksul ɗin Motar Kafili

Zuwa ga Yaya Dabo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya jikin Inno? Yaya Zakiyya da yara?

Ina nan lafiya a unguwar Sharafiyya. Kafilina, wato Balaraben da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya kawo tsohuwar motar mahaifinsa ta 1955, ya sa mun ɗora mata ƙaton inji. Na ce masa aksul ɗinta na baya ba zai ɗauki wannan ƙarfin ba, sai an ciro na wata mota. Shugaban garejinmu ya zaɓi na wata ƙaramar mota salun mai sheƙi. Ni kuwa na kwana uku ina yawo wajen 'yan gwangwan, har na samo na wata tsohuwar akori-kura. Na auna faɗinsa, na juya taya ina ƙirga zagayen farfela, yadda ka koya mini a Ƙofar Ruwa. Shi na ɗaura wa motar, ba na salun ɗin ba.

Kafili ya ce, “Musbahu, in ya karye, iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ita ma ta ƙare.”

Na ce, “Yalla, tayar da ita.”

Jiya ya yi tsere da ita a hanyar Madina, ya dawo yana dariya, aksul bai karye ba. Iƙama ta tabbata, in sha Allahu.

Wajen ɗaga aksul ɗin, ƙarfen ya ɗan taɓa mini yatsu biyu. Likita ya ce ɗayan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, amma sufana bai san bambanci ba. Ka bar Inno da labarin motar kawai.

Allah ya saka maka da alheri, malamina.

Ƙaninka,
Musbahu