Kogin Atamfa a Lallen Sundus

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Wata bakwai ke nan Umma da ƙanwarta Hala Zenabu ba sa magana. Gida ɗaya a unguwar Ƙurban, nan birnin Manzo, mu a ƙasa su a sama, tankin ruwa ɗaya a kan rufi. Wata Juma'a ruwa ya yanke Umma na tsakiyar wanka, ta ce Hala ce ta kashe injin ruwan da gangan. Iyakar laifin ke nan. Yanzu saura kwana ashirin bikin Sundus, 'yar Hala, Umma ta ce ba da ita ba. Ita da ta fara yi wa Sundus wanka ranar da aka haife ta.

Talata, 14 ga Janairu

Dilini, nas ɗin nan 'yar Sri Lanka da nake koya wa Larabci ta waya daga Yanbu, ta turo min bidiyon wani wasa da aka yi a garinsu. Wasan kwaikwayo ne, amma duk a waƙe, da ganguna. Dangi biyu, kogi ɗaya a tsakani, aka yi fari, kowa ya ɗauko mashi. Sai malaminsu Buddha ya shigo tsakiya a natse, ya tambaye su wanne ya fi tsada, ruwan ko jinin 'yan'uwansu. Mutane suka ajiye makamai suna waƙa.

Ta ce koyarwarsu ke nan, kada a cuci mai rai, ko da baki ne. Na ce mu ma an koya mana, har garinmu ko itacensa ba a sarewa, ko tsuntsunsa ba a farauta. Injin ruwa ne kawai muka ga bai shiga lissafi ba. Na yi ta dariya har ta tambaya ko Larabcinta ne. Na ce a'a, kogin ne na gane.

Alhamis, 16 ga Janairu

Sundus ta same ni a matakala, ido ya yi ja. "Abla, yayata, ki yi wani abu." Digiri biyu gare ni a adabi, yau ga ranarsu.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na rubuta wasan, za mu yi ranar lalle bayan La'asar. Addinin mutane na bar musu abinsu, labarin kawai na aro. A madadin malamin na sa wata tsohuwa mai wucewa, ni ce zan fito a ita. Baitoci goma sha biyu na ba kaina. Babu wanda ya hana ni.

Da Hausa na rubuta, don kada tsofaffi su ce ba su ji ba. Matsalar ita ce 'yan wasan. Ƙanwata Asma ce sarauniyar mutanen ƙasa, Nadiya ƙanwar amarya ta mutanen sama, kuma su biyun Hausarsu ta tsaya a "na ƙoshi". Asma na rera baiti da Hausa, in ta manta ta cike da zagin Larabci. Makamai: muciya da sandar goge ƙasa. Kogi: atamfa shuɗiya yadi shida. Kiɗa: duffi biyu, wato mandiri.

Alhamis, 23 ga Janairu

Mun yi gwaji a kan rufi, kusa da tankin da kansa. Nadiya ta yi dariya har ta zauna a cikin kogi.

Talata, 28 ga Janairu

Umma ta yarda. "Minti goma, don Asma. Ba zan cire abaya ba." Wato kowa ya gani ba zama ta zo yi ba. Ɗaurin aure kuwa, ta ce kada a sake tayar mata da zancen.

Alhamis, 30 ga Janairu

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Jiya istiraha, zauren biki na haya, ta cika da mata. Umma a wannan kusurwa cikin abaya kamar mai jiran bas, Hala a waccan. Aka buga duffi, waƙar fari ta tafi daidai, har da guɗa. Ina bayan labule da sandata ina jiran wurin shigata.

Abin da ban lissafa ba: matan nan ba su taɓa zama suna kallon faɗa ba tare da sun raba ba. Asma na ɗaga muciya kan Nadiya, sai ga Umma ta taso. "Ke Asma! Ƙanwar taki?" Daga can Hala ta yo kukan kura ta riƙe sandar Nadiya. "Yayarki za ki ɗaga wa hannu, marar kunya?" Asma na ihu, "Yumma, tamsiliyya ce, wasa ne!" Ina! Su biyun a tsakiyar kogina, suna faɗa baki ɗaya, ɗaya ta fara ɗaya ta ƙarasa. Wa ya koya muku? A gaban dangin ango? Sai suka juyo tare suna neman wadda ta shirya abin. Na ƙara shigewa labule.

Nan atamfar ta ja ƙafar Umma. Hala ta tare ta. "Yaya, a hankali, gwiwarki." Umma ta kalle ta sama da ƙasa.

"Sake ni, Zenabu. Wa ya ɗaura miki ɗankwalin nan haka? Uwar amarya guda?"

Ta kwance ta sake ɗaura mata a gaban kowa. Hala ta sunkuyar da kai kamar 'yar shekara bakwai. Sundus na kuka hannu a sama don kada lalle ya ɓaci. Masu duffi da suka rasa abin yi suka ci gaba da bugawa, can na hango abayar Umma a kan kujera, ita kuma tana juyi a fili.

Baitocina goma sha biyu babu wanda ya ji ko ɗaya.

Juma'a, 31 ga Janairu

An ɗaura. Umma ce ta riƙo hannun amarya, tana ba kowa umarni kamar ita ta biya kuɗin zauren.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Hala ta sauko shan shayi da hantsi. Ta dube ni ta ce wa Umma, "Duk karatun nan nata, ba ta iya haɗa yara ba sai da faɗa." Umma ta ce ai kuwa.

Amsa uku suka zo min a take, ta biyun ma mai kyau ce ƙwarai, da ta kai ta har Azumi tana jinya. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta cokali nawa na sukari.

Wannan ba halina ba ne. Mura ce ke son kama ni, ina jin.